Diyyar kafaɗar da ban samu ba

Shekarun baya, lokacin ina tuƙin motar haya a filin jirgin sama na JFK a New York, wata 'yar allura da ba ta kai tsinken sakace ba ta raba ni da sana'ata. Na daɗe ina so in ba ku labarin nan, sai dai rubutu wahala yake ba ni. Aji uku na yi a firamare, shi ma malamin ne ya gaji da ni kafin in gaji da shi. To ku karɓa yadda ya zo.

A wancan lokaci aikina jiran jirgin gida. In ya sauka, sai ka ga Hajiyoyi sun fito suna tura jakunkuna kamar masu ƙaura, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga jakar Hajiyar da ta taho daga Legas ya san ba tufafi ne kaɗai a ciki ba. Ni nake ɗagawa in jefa a but, in kai su Bronx ko Harlem, muna tafe ina jin labarin gari. Mai ɗakina ta koma Kano tun da mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ba ta sake dawowa ba, don dama sanyin nan bai karɓe ta ba. Ginin da na fara a can ya kai linta. Shirina ɗaya ne: in ƙara 'yan shekaru a kan sitiyari, in rufa gidan, in tattara in je in tsufa kusa da ita. Ban da wannan ba ni da wani buri a duniya.

Ɗiyata ce kaɗai tare da ni a nan. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. A asibiti take aiki, kuma irin yaran nan ne da za ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci. Da sanyi ya fara shigowa ta sa ni a gaba, wai in je in yi allurar mura, tunda kullum ina rufe a mota da masu tari. Na ce mata ni da na sha ruwan kududdufi na rayu, mura ce za ta kashe ni? Ta ce, "Baba, ka je kawai." Wannan kam da Hausa ta faɗa, sai na san ba wasa.

Ranar wata Juma'a na fito masallaci na biya wani kantin magani a Grand Concourse. Ina sanye da kaftanin shadda mai matsattsen hannu, an sha guga, har da links, maɓallan ƙarfe na hannun riga. Wadda za ta yi allurar yarinya ce, ba ta ma kai Uwata ba. Ta zaunar da ni a bayan wani ɗan labule da bai rufe komai ba, ga layin mutane suna kallo. Ta ce in naɗe hannun riga. Na naɗe, ya ƙi wuce gwiwar hannu. Ta ce to in cire rigar. Ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashi: singileti mai huda biyu da tumbin da na tara a zaman mota. Dattijo da furfurarsa, ranar Juma'a, ya tuɓe a gaban 'yar cikinsa a tsakiyar kanti? Sai na ɓalle maɓallan wuya, na ja wuyan rigar ƙasa, na fito mata da ɗan ƙoƙon kafaɗar hagu, iya abin da ya leƙo. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce, "Yes, yes." Ita tana tsaye, ni ina zaune, ta caka a nan sama.

Kafin magariba kafaɗar ta fara zugi. Washegari na kasa ɗaga hannun in ɗauko hula a saman kwaba. Ban gaya wa Uwata ba. Ita ta tura ni, in na ce ta jawo min ciwo za ta shiga damuwa, sannan ta ja ni asibiti, kuma wuni a asibiti wuni ne ba a yi lodi ba. Ranar Lahadi da safe sai na hau jirgin ƙasa na tafi wajen abokina a titi na 116.

Abokin nan nawa Badamagare ne, wanzami ɗan gado. A shagon wani yake aski, amma a ɗakinsa na sama yana da zabirarsa da ƙahonin da ya taho da su tun daga gida, kuma rabin dattawan Harlem sun san hanyar ɗakin. Tsakanin Bakano da Badamagare kun san ba a gaisuwar arziki.

"Bawana ya zo gaida ubangidansa," in ji shi. "Me ya karya maka fiffike?"

"Allura ce, ɗan gudun hijira. Duba min."

Ya taɓa wurin, na yi ƙara kamar akuya. Ya kwashe da dariya.

"Kanawa ke nan. Ku ci dubu a kasuwa, allura ɗaya ta kayar da ku. Sanyi ne ya bi hudar ya shiga. Kwanta."

Ya kafa min ƙaho, ya yi tsaga, ya zuƙe, ya nuna min baƙin jini a kwano ya ce ga mugun nan ya fito. Na ji sauƙi har yamma. Na koma bayan mako, na sake komawa, har bayan kafaɗata ya zama kamar an yi zanen ƙwarya. Man zafi kuwa na shafa har fasinjoji suna sauke gilashi.

A cikin watannin nan na je ganin likitana saboda hawan jini. Ya tambaye ni yaya jiki, akwai inda ke ciwo? Na ce, "Fayin, tankiyu." Mu fa haka muka taso. Mutum yana kan gadon asibiti an rataya masa ruwa, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ban da wannan kuma ina tsoron kada ya rubuta wani abu da zai taɓa lasisina na tuƙi. Ya auna jinin, ya ce in rage gishiri, na fito ina ganin na yi wayo.

Hannu kuwa kullum ƙara ƙagewa yake. Da dama kaɗai nake murza sitiyari. Kwanciya ta gefen hagu ta gagara. Abin da ya fi ci min rai, kun san aikin da Musulmi yake yi da hannun hagu a banɗaki. To hannun ya daina kaiwa baya. Ba zan faɗa muku dabarun da na ƙirƙiro ba, akwai mata a shafin nan.

Asirina ya tonu a bakin tashar jirgi. Wata Hajiya ta fito da jaka, na sunkuya na ɗaga da hannu biyu don kada in ji kunya, kafaɗar ta ce ba da ni ba. Na saki jakar, na bi ta muka zube tare. Robar manja ta fashe a ciki. Hajiya ta tsaya a kaina tana salati, ba don ni ba, don lesunanta.

"Baba, in ka tsufa ka zauna a gida mana! Wa zai biya ni?"

Direbobi suka ɗaga ni. Wani ya kira Uwata.

A asibitinsu aka saka ni a cikin wata na'ura mai kama da kabari aka ɗauki hoton kafaɗar. Likitan ƙashi ya ce akwai kumburi da yagewa a ciki, gaɓar kuma ta daskare. Da na ba shi labarin kaftani, sai ya dafa kansa. Ya ce maganin ba shi da laifi, wurin da allurar ta shiga ne: ta yi sama da yawa, ta wuce tsoka ta shiga cikin gaɓa. Aka yi min wata allurar a wurin, aka tura ni wajen masu motsa gaɓoɓi suka yi ta murɗa ni ina kiran sunan Allah, daga baya har aiki aka yi. Hannun ya dawo iya ƙirji ya tsaya. Na mayar wa mai mota makullinsa.

Uwata ce ta binciko cewa gwamnati tana da wata kotu a Washington da ba ta komai sai shari'ar waɗanda allurar rigakafi ta yi wa lahani, kuma irin ciwon kafaɗar nan yana cikin abin da suke biyan diyya a kai. Ba za a kama yarinyar kantin ba, lauya ma ba ni zan biya shi ba. Muka sami wata lauya, muka yi magana ta bidiyo a wayar Uwata, da tafinta ɗan Zangon Ghana wanda Hausarsa sai na ƙara kasa kunne. Lauyar ta ce labarina ya yi kama da na masu samu.

Kalmar nan "kama" ban ji ta ba. Ni "samu" kaɗai na ji. A ranar na kira mai ɗakina na ce ta fara tambayar kuɗin kwanon rufi.

"Malam, ka tabbata?"

"Gwamnatin Amurka ce fa, Hajiya, ba adashin unguwa ba."

A masallaci ma na baza. Har wani ya fara kirana Alhaji Diyya, ni kuma ina amsawa. Ina zaune ba aiki, na bar ɗakina na Mount Hope na koma falon Uwata da mijinta, amma ina taƙama kamar wanda jirginsa ke hanya. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Duk sanda na kira ofishin lauya sai a ce layi ne, in yi haƙuri.

Rannan lauyar ta kira da kanta, na ga fuskarta ba kamar da ba. Ta ce lauyoyin gwamnati sun ƙi yarda. Ƙa'idarsu ita ce ciwon ya fara cikin kwana biyu da yin allura, ni kuwa babu likitan da ya ji maganar kafaɗa a bakina sai bayan watanni, ranar da na faɗi da jaka. Suka ce to jakar ce ta yaga kafaɗar. Suka kuma ce ga shi a tsakani na je wajen likita na ce lafiyata ƙalau. Tafinta ya juya min wannan, ya ƙara da nasa: "Baba, kai ma ka yi abin."

Lauyar ta tambayi Uwata yaushe ta fara sanin ciwon. Uwata ta sunkuyar da kai ta ce ranar manja. Lauyar ta juyo kaina ta ce, a cikin kwana biyun farko, babu ko mutum ɗaya da ya ga hannun? Sai na ce akwai, na ba ta labarin ƙaho. Har miƙewa ta yi daga kujera. Ta ce wannan shi ne abin da muke nema: ya rubuta abin da ya gani bisa rantsuwa, da cikakken sunansa da inda yake zaune, kuma mai yiwuwa alƙali ya yi masa tambayoyi ta bidiyo.

Ni kuwa na san abin da ita ba ta sani ba. Bizar abokina ta mutu tun Uwata tana goye. Ba shi da takardar zama, ba shi da izinin tsaga fatar kowa, kuma gida guda a Damagaram daga askarsa suke ci. Na tambayi lauyar a kaikaice, na ce in mutum takardunsa ba su cika ba fa? Ta ce a saninta kotun nan ba ruwanta da wannan, amma ba za ta yi min alkawarin abin da ba a hannunta yake ba.

Na ɗauki kwanaki ina juya abin kafin na je. Na same shi a ɗaki yana dafa shayi a 'yar buta. Ya ce bawansa ya yi ƙiba a gidan suruki. Ban rama ba, sai ya gane da magana. Na zauna na faɗa masa komai, ban rage ba, har da abin da lauya ta ce ba ta iya alkawari. Ya yi ta juya shayin daga kofi zuwa kofi, kumfa ta tashi ta kwanta. Can ya ce:

"Sunana duka? Da lambar ɗaki?"

"Haka ta ce."

"Kuma su tambaye ni da me na tsaga ka."

"Wataƙila."

Ya miƙo min kofi.

"Ni na ga hannun ranar Lahadi, Allah ma ya gani. In ka ce in yi, zan yi. Amma kai za ka ce."

Jama'a, da ya ƙi, da ya fi min sauƙi. Da na zage shi na fita, na sami wanda zan ɗora wa laifi har in mutu. Amma ya ɗauko wuyansa ya ajiye min a tafin hannu. Na dubi ɗakin, da ɗan ƙaramin gadonsa, da buhunan da yake tara kayan da zai aika wa 'ya'yansa. Na tuna kwanon gidana, na tuna matar da na ce wa gwamnatin Amurka ce. Wallahi bakina ya buɗe zai ce "yi". Abin da ya fito shi ne:

"Kai, rufa min asiri. Wane alƙali ne zai yarda da rantsuwar Badamagare? Ɓata min shari'a za ka yi."

Ya yi dariya, ni ma na yi, dariyar da ba ta wuce haƙori ba. Na shanye shayin na sauko.

Na ce wa lauya mutumin ba zai samu ba. Ta roƙe ni, ta sake roƙo. Uwata ta yi min faɗa da Turanci mai sauri, ban tsinci komai ba sai "Baba" da "why". Daga baya ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata tana kuka, tana cewa ita ta tura ni. Na ce mata, "Uwata, ke allura kika ce in yi, ba ke kika ɗinka kaftanin ba." Ba ta yi dariya ba. Aka ci gaba da shari'a da bakina kaɗai, bakin da ya riga ya ce wa likita fayin. Alƙali ya ce bai ce ƙarya nake ba, amma abin da ke gabansa bai isa ba. Aka rufe.

Na kira mai ɗakina na faɗa mata. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta tambaye ni ko na ci abinci.

Na zaci aƙalla na tsira da aboki. Ina! Tun daga ranar ya kasa haɗa ido da ni. In na shiga shagon sai ya ce bari ya je ya dawo. Ya daina ce min bawansa, ya koma ce min Malam, kuma duk zagin da aka taɓa yi min a duniya babu wanda ya yi min zafi kamar wannan Malam ɗin. Bayan kamar shekara guda ƙafafunsa suka fara kumbura, ya tattara zabirarsa ya koma Damagaram don kansa, ba wanda ya kore shi. A bakin mutane na ji. Na tambayi lauya ko yanzu da ba abin da zai same shi zai iya rantsuwar daga can. Ta ce shari'ar da aka yanke ba a buɗe ta don shaidar da dama kana da ita ka ƙi kawowa.

Na kan zauna in auna abin. Wata rana in ce na yi daidai, don da an kama shi ta dalilina, da ko gidan na rufa ba zan iya barci a ciki ba. Wata rana kuma, musamman in sanyi ya shiga kafaɗar, sai in ce kai tsohon banza, ka sayar da tsufanka don mutumin da dama tafiya zai yi. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba, kuma na daina sa ran zan sani. Abin da kawai zan iya ce muku, musamman ku dattawa irina: a ƙasar nan ciwon da ba ka kai wa likita ba, ba a yi shi ba. Dauriyar da ake yabon namiji da ita a gida, a nan ita za a karanta maka a kotu. In abu ya same ka, ka je da wuri, ka yi raki, ka sa a rubuta.

Mutane suna ce min, to ka koma gida mana haka nan. In koma in zauna a ina, in ci me? A nan ko ba komai ana ba ni maganin hawan jini da na kafaɗa, ina da kujerar da nake kwana. A can zan zama tsoho mai hannu ɗaya a ɗakin da matata take aro a gidan ƙaninta. A da tana tambayata yaushe zan dawo, ina cewa bayan salla. Yanzu ta daina tambaya, muna hirar farashin gero da wanda ya haihu da wanda ya rasu.

Watannin baya ƙungiyarmu ta 'yan arewa ta yi zama bayan sallar azahar. Sakatare ya ce suna so kowane dattijo ya faɗi ra'ayinsa tun yana da baki: in ta Allah ta kasance, a kai shi gida ne, ko a binne shi a maƙabartar Musulmi da ke New Jersey? Kai gawa gida nauyi ne babba, kuma rabinsa a kan iyali yake faɗawa. Aka bi layi, wannan ya ce gida, wancan ya ce gida. Da aka zo kaina na hango mijin Uwata a bayan sahu, yaron kirki, shekara nawa yana ciyar da ni bai taɓa ɗaure fuska ba. Na ce a sa ni a New Jersey, dama ban taɓa zuwa can ba sai in na kai fasinja. Aka yi dariya, sakatare ya ce, "Baba, ka tabbata?" Na ce na tabbata.

Mai ɗakina ce ban gaya wa ba tukuna. Jiya ma mun yi waya, ta ce an yi ruwa sosai a Kano, ciyawa ta fito a cikin ginin har ta kai taga, ko in aiko a nome? Na ce ta bari sai bayan salla.